Chand Bibi: Matar Da Ta Tsare Ganuwar Ahmadnagar

A wannan fitowa za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Indiya. Da yawanmu in aka ambaci Indiya abin da ke fara zo mana a rai shi ne fina-finai, ko kuma asibitocin da ake kai marasa lafiya. Amma ƙasar tana da dogon tarihin sarautun Musulmi, kuma a cikinsa akwai wata baiwar Allah mai suna Chand Bibi, wadda ta rayu daga wajen 1550 zuwa 1600. Ta riƙi marayu biyu a kan gadon sarauta a ƙasashe biyu, ta kuma tsaya a kan ganuwar garinsu ta mayar da rundunar sarkin da ya fi kowa ƙarfi a Indiya a zamanin. Duk da haka ba takobin abokan gaba ne ya kashe ta ba. Mutanenta ne suka kashe ta, a kan wata magana da babu wanda ya tsaya ya bincika.

Asalinta

Tsakiyar Indiya zuwa kudu akwai wani faffaɗan tudu da ake kira Dakan. A da daular Musulmi guda ɗaya ce ke mulkinsa, wato daular Bahmani, amma daga baya ta tsage gida biyar: Ahmadnagar, Bijafur, Golkonda, Bidar da Berar. Kowace da sarkinta da rundunarta, kuma ba su cika zama lafiya da juna ba. A kowace fada kuma akwai ɓangarori uku masu gasa: 'yan ƙasa haifaffun Dakan, da baƙin da suka zo daga Farisa da ƙasashen Larabawa, da kuma Habashawa, waɗanda aka kawo yawancinsu a matsayin bayi daga gabashin Afirka suka zama manyan sarakunan yaƙi. Ku riƙe wannan rabuwa da kyau, domin ita ce za ta yi ta dawowa a labarin nan.

Chand Bibi 'yar Sarkin Ahmadnagar ce, Husaini Nizam Shah na ɗaya, mahaifiyarta kuwa Khunza Humayun. Kalmar Chand a harshensu tana nufin wata, Bibi kuma laƙabi ne na girmama mace. Mahaifinta ne ya sake gina babbar kagarar Ahmadnagar da dutse, wato gidan yaƙi mai kaurin ganuwa da gwalalo kewaye da shi. An ba ta ilimi irin na 'ya'yan sarakuna. Masu tarihi sun ambata cewa ta san Larabci da Farisanci da Turkanci, ta kuma iya Marati da Kannada, harsunan talakawan yankin. Ta iya hawan doki ƙwarai, har masu zane na baya suka riƙa zana ta a kan doki tana farauta da shaho.

Auren da aka ƙulla ƙawance da shi

A kudu da waɗannan ƙasashe biyar akwai babbar daular Hindu ta Wijayanagar. Mai riƙe da ita, Rama Raya, ya gane lagonsu: yau ya taimaki wannan a kan wancan, gobe ya juya. Da sarakunan suka farga cewa da su ake wasa, sai suka yanke shawarar haɗa kai, kuma hanyar da aka sani ta ƙulla amana tsakanin gidajen sarauta ita ce aure. A 1564 aka aurar da Chand Bibi, tana da shekara 14 ko kusa da haka, ga Sarkin Bijafur, Ali Adil Shah na ɗaya. Garin Sholafur, wanda ƙasashen biyu suka daɗe suna zubar da jini a kansa, shi aka sa mata a cikin gararta. Ita ma 'yar'uwar Ali, Hadiya Sultana, aka ba wa Murtala, ɗan'uwan Chand Bibi. A watan Janairun 1565 rundunar haɗin gwiwar ta karya Wijayanagar a yaƙin Talikota.

Tun tana amarya ke nan ta ga abin da haɗin kai ke iya yi. Ta kuma ga abin da ya biyo baya, domin ana gama raba ganima sarakunan suka koma rikicinsu na da, gidan ubanta da gidan mijinta suna kai wa juna hari. Duk macen da ta taɓa tsintar kanta tsakanin danginta da dangin miji ta san ɗacin wannan, balle a ce da takubba ake yi.

Ta zauna da Ali shekara 16, Allah bai ba su haihuwa ba. Amma bai rage mata daraja a wurinsa ba. Har yau akwai wata babbar rijiya mai matakala a Bijafur da ake kira Chand Bawdi, wadda ya gina da sunanta.

Takaba da riƙon maraya

A 1580 aka kashe Ali Adil Shah. Sarauta ta faɗa kan ɗan ɗan'uwansa, Ibrahim Adil Shah na biyu, yaro ɗan shekara 9. Tarbiyyar yaron ta koma hannun Chand Bibi, gudanar da mulki kuma aka ba wani babban bafade, Kamil Khan. Ba a jima ba ya fara raina ta, take-takensa suka nuna gadon kansa yake so. Sai ta haɗa kai da wani sarkin yaƙi, Kishwar Khan, aka kawar da shi. To, ashe an gudu ne ba a tsira ba. Kishwar Khan ya fi na farko zalunci. Ya sa aka kashe Mustafa Khan, dattijon da mutane ke girmamawa, da Chand Bibi ta nuna ƙin amincewarta kuma sai ya yi mata ƙazafi cewa tana aika wa ɗan'uwanta saƙo a asirce ya zo ya ci Bijafur. Da wannan hujja ya fitar da ita daga fada ya tsare ta a kagarar Satara.

Wannan shi ne karo na farko da aka jefe ta da cin amanar ƙasa. A wannan karon jama'a ba su yarda ba. Mutanen gari suka juya wa Kishwar Khan baya, sarakunan yaƙi Habashawa suka taso masa, ya gudu zuwa Golkonda inda wani ɗan'uwan Mustafa Khan ya kashe shi. Aka dawo da ita cikin mutunci.

Ana cikin wannan ruɗani rundunonin Ahmadnagar da Golkonda suka zo suka yi wa Bijafur ƙawanya, alhali sojan da ke cikin gari kaɗan ne. Ga shi masu harin mutanen ɗan'uwanta ne, amma ta tsaya tare da marayan da aka ba ta amana. Aka naɗa Shah Abul Hasan, mutumin da ɓangarori suka yarda da shi, shi kuma ya kirawo mahayan Marata. Waɗannan ba su tunkari rundunar gaba da gaba ba. Hanyoyin da abinci ke bi suka dinga tsarewa, har yunwa ta sa maharan suka kwashe kayansu. Wannan dabara ta zauna mata a kai.

Komawa gida

A 1584 aka aurar da Khadija, 'yar'uwar Sarki Ibrahim, ga ɗan Sarkin Ahmadnagar. Chand Bibi ta raka amarya, ta kuma yi zamanta a garin haihuwarta. Abin da ta tarar kuwa babu daɗin ji. A 1588 ɗan Murtala ya kashe ubansa ya hau gado, shi ma bai shekara ba aka kashe shi. Daga 1588 zuwa 1595 sarakuna biyar aka yi a gidan.

A can arewa kuwa Sarkin Mugal, Akbar, yana kallo. Ya riga ya ci Gujarat a 1573, Bengal a 1576, Kashmir a 1586, saura Dakan. A 1591, shekarar da rundunar Maroko ta karya daular Songhai a nan yammacin Afirka, Akbar ya aika jakadu ga sarakunan Dakan yana neman su yi masa mubaya'a. Sarkin Ahmadnagar na lokacin, Burhan, ɗan'uwan Chand Bibi, ya taɓa zaman gudun hijira a fadar Akbar, don haka Akbar na ganin shi zai fara miƙa wuya. Burhan bai yi ba. Ya rasu a 1595, ɗansa Ibrahim ya gaje shi, bayan 'yan watanni shi ma aka kashe shi a yaƙi da Bijafur. Ya bar jariri mai suna Bahadur.

Nan fa fada ta dare. Waziri Miyan Manju ya ɗora wani yaro da ake shakkar asalinsa, ya tura Bahadur wata kagara aka tsare shi. Habashawa suka ƙi, kowane ɓangare ya fito da nasa ɗan sarki. Da Miyan Manju ya ga za a fi ƙarfinsa, sai ya aikata abin da ya jawo wa ƙasar bala'i: ya rubuta wa Murad, ɗan Akbar, wanda ke Gujarat, ya gayyato shi. Kafin Murad ya iso, waziri ya riga ya rinjayi abokan hamayyarsa, ya yi nadamar gayyatar, amma bakin alƙalami ya bushe. Ya fice daga garin da sunan neman gudummawa, ya bar kagara. Chand Bibi ta karɓi ragama, ta sa aka yi shelar Bahadur, jikan ɗan'uwanta, a matsayin sarki, ita kuma mai riƙa masa.

Ƙawanyar farko

A watan Disambar 1595 rundunar Mugal ta sauka a bakin Ahmadnagar, ƙarƙashin Murad da babban sarkin yaƙi Abdurrahim Khan-i-Khanan, tare da Sarkin Khandesh, Raja Ali Khan. Chand Bibi ta san ganuwa kaɗai ba za ta cece su ba, don haka ta fara da alƙalami. Ta rubuta wa Ibrahim na Bijafur, yaron da ta raina wanda yanzu ya zama cikakken sarki, ta rubuta wa Muhammad Kuli Kutub Shah na Golkonda, tana nuna musu cewa in Ahmadnagar ta faɗi su ne na gaba. Duk biyun suka amsa. Bijafur ta turo mahaya kimanin 25,000 ƙarƙashin Suhail Khan, Golkonda ma ta turo nata. Ta kuma aika wa Abhang Khan, ɗaya daga cikin shugabannin Habashawa, ta lallashe shi ya ajiye gaba. Ya zo da dare ya keta sansanin Mugal da faɗa ya shiga kagarar.

Da Murad ya ji gudummawa na tafe, sai ya so ya gama kafin ta iso. Ya sa aka haƙa ramuka biyar ta ƙarƙashin ƙasa har gindin ganuwa, aka cika su da albarushi. Wani daga cikin rundunar Mugal ɗin, da tausayin mutanen ciki ya kama shi, ya je da dare ya sanar da su. Suka kwana suna haƙa, suka gano biyu suka kwashe albarushin. Suna cikin aikin na uku aka kunna masa wuta, wani sashe na ganuwar ya tashi sama tare da mutanen da ke wurin. Wasu manyan mayaƙa suka fara neman hanyar gudu.

A daidai wannan lokaci Chand Bibi ta fito, sanye da sulke, fuskarta a lulluɓe, takobi zare a hannu, ta nufi inda ganuwar ta rushe ta tsaya. Masu gudu suka ji kunya suka dawo. Ta sa aka jawo igwa aka saita ta a kan giɓin, aka dinga ruwan wuta da duwatsu da kibau a kan duk wanda ya matso. Su kuma 'yan Mugal sun ɓata lokaci suna jiran sauran ramukan su tashi, ba su san an kwashe su ba. Aka yi ta gwabzawa har dare, maharan suka ja da baya. Ba ta bar wurin ba. Ta kwana a tsaye a kan magina da sauran jama'a, maza da mata, kafin gari ya waye an toshe giɓin. Tun daga ranar aka koma kiranta Chand Sultana. Malamin tarihi Firishta, wanda ya yi zamani da ita ya kuma zauna a Ahmadnagar da Bijafur, yana cikin waɗanda suka rubuta wannan labari.

Sulhun Berar

A nan ne hankalinta ya fi bayyana. Wata da ta ga irin wannan nasara sai ta ce a ci gaba har sai an ga bayansu. Ita kuwa ta duba rumbunanta ta ga abinci ya kusa ƙarewa. Ta san su ma 'yan Mugal yunwa ta kama su, domin mahayan Dakan sun tsare musu hanyoyi, ga kuma rashin jituwa tsakanin Murad da Khan-i-Khanan. Wato lokacin da abokin gaba ya fi buƙatar sulhu, a lokacin ne za ta fi samun sharuɗɗa masu sauƙi. A farkon 1596 aka daidaita: aka bar wa Mugal lardin Berar, wanda Ahmadnagar ta ci kimanin shekara 20 kafin nan, su kuma suka janye suka amince da Bahadur a matsayin sarki. Ta ba da reshe ta tsira da gindin bishiya. Aka fito da yaron daga inda aka tsare shi aka naɗa shi.

Sai dai ciwon cikin gida bai warke ba. Sabon wazirin da ta naɗa, Muhammad Khan, ya nemi ya tattara iko duka a hannunsa, da ya ga an matsa masa shi ma sai ya nemi taimakon Mugal. Sojojin kagara suka kama shi suka miƙa mata. 'Yan Mugal kuma suka fara cin garuruwan da ba sa cikin yarjejeniya. Ta sake kiran Bijafur da Golkonda, aka haɗu a Sonfet, kusa da kogin Godabari, a farkon 1597. Aka yi kwana biyu ana yaƙi, Raja Ali Khan ya mutu a ɓangaren Mugal, amma a ƙarshe su suka yi rinjaye. Daga nan ƙawancen Dakan ya raunana. Abhang Khan, wanda ya zama waziri, shi ma ya saɓa da ita, har ya kai ga yi wa kagarar da take ciki ƙawanya.

Ƙawanya ta biyu da rasuwarta

A 1599 Murad ya mutu, giya ce ta kashe shi. Akbar ya turo wani ɗansa, Daniyal, tare da Khan-i-Khanan, shi kansa kuma ya taso zuwa kudu. Abhang Khan ya gwada tare su, ya kasa, ya janye zuwa Junnar. A watan Afrilun 1600 aka sake kewaye Ahmadnagar. Wannan karon babu rundunar da ke tafe daga Bijafur ko Golkonda, kuma manyan da ke cikin kagarar ba ta amince da su ba, su ma ba su amince da juna ba.

Ta auna al'amarin kamar yadda ta auna na farko, ta ga hisabin ya canza. Ra'ayinta shi ne a nemi sulhu tun da sauran abin ciniki a hannu: a miƙa kagarar bisa sharaɗin a bar mutane da rayukansu da dukiyarsu, ita kuma ta tafi da yaron Junnar, sarautar gidan ta ci gaba daga can. Ta faɗi wannan a wurin shawara ga wani baban fada, wato dandaƙaƙƙen bawa mai muƙami, wanda ake kira Hamid Khan. Shi kuwa ya fita kan titi yana shela cewa Chand Sultana ta haɗa baki da Mugal za ta sayar da gari. Babu wanda ya ce a tsaya a ji daga bakinta. Sojojin da ta tsaya a gabansu shekara huɗu da suka wuce suka kutsa cikin ɗakinta suka kashe ta. Wannan ya faru a watan Yulin 1600, tana da shekara 50 ko kusa da haka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a yi wata biyu ba, a watan Agusta, 'yan Mugal suka tashi ganuwar da albarushi suka shiga. Aka karkashe mayaƙan da ke ciki, aka kwashe taska, aka kai Bahadur kurkukun Gwaliyor. Duk abin da ta so ta tsirar ta hanyar sulhu, rayuka da yaro da sarauta, ya salwanta.

Bayan ta

Gwagwarmayar ba ta mutu nan take ba. Malik Ambar, Bahabashe da aka sayo yana bawa, ya tattara ragowar rundunar ya ɗora wani ɗan gidan sarautar, ya yi ta wahalar da Mugal da irin dabarar nan ta mahayan Marata har ya rasu a 1626. A 1636 daular Ahmadnagar ta ƙare gaba ɗaya. Abin da ta gargaɗi maƙwabta a kansa kuma ya tabbata, domin Aurangzeb ya ci Bijafur a 1686, ya ci Golkonda a 1687. Kagarar tana nan har yau a jihar Maharashtra, a hannun sojojin Indiya. A cikinta ne Turawan Ingila suka tsare Jawaharlal Nehru da Maulana Abul Kalam Azad daga 1942 zuwa 1945. A 2024 aka sauya wa garin suna zuwa Ahilyanagar.

Abin da za mu ɗauka

'Yan uwa, abin baƙin ciki na farko a labarin nan shi ne shugabannin masu kewayewa da na waɗanda aka kewaye duk masu salla ne. Kuma sau biyu wani na cikin gida ne ya kirawo na waje don ya rinjayi ɗan'uwansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka yake a ƙasa, haka yake a gidan aure da cikin ƙungiya: ranar da kika kai sirrin gidanki waje don ki ci galaba a kan abokiyar zamanki, ba ke za ki faɗi ranar da baƙon zai tafi ba.

Na biyu, neman sulhu ba tsoro ba ne. Matar da ta tsaya a bakin giɓi da takobi ita ce dai ta ce a sasanta, domin tana duba abinci da mutane da abokan ƙawance kafin ta yanke shawara. Mun karanta a sira yadda sharuɗɗan Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan hijira, suka yi wa wasu sahabbai nauyi, amma bayan shekara biyu aka buɗe Makka.

Na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne harshe. Allah Maɗaukaki Ya umarce mu a aya ta 6 ta Suratul Hujurat da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Mun kuma san abin da ƙazafi ya jawo wa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, har sai da aka saukar da ayoyi a Suratun Nur. Mutum ɗaya ne ya ƙirƙiri maganar da ta kashe Chand Bibi, amma da bai sami masu ɗauka su yaɗa ba da ta mutu a bakinsa. Sau nawa ake kawo mana magana a gidan biki ko a waya, a ce wance ta ci kuɗin ƙungiya, ko wance ce ta shiga tsakanin wane da matarsa, mu kuma mu ƙara gaba ba tare da mun tambayi mai ita ba? A Bijafur an yi mata ƙazafi mutane suka ƙi karɓa, gari ya tsira. A Ahmadnagar suka karɓa, gari ya tafi.

Sannan ga 'yar'uwata da Allah bai ba haihuwa ba, ko wadda ke riƙon ɗan wani: wannan mata ba ta haifi ko ɗaya ba, amma marayu biyu ta tsare wa gadonsu, ba ta taɓa cewa a naɗa ta a madadinsu ba. Na farkon da ya girma, shi ne ya turo mata runduna ranar da ta shiga ƙunci.

Allah Ya jiƙan Chand Bibi, Ya gafarta mata kurakuranta, Ya tsare harsunanmu daga abin da za mu yi nadama a kansa, Ya haɗa kan Musulmi a duk inda suke. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.